Yadda Za Ka Riƙa Ganin Hoto Gaba Ɗayansa Yayin da Kake Zana Shi

Tambayar da masu koyon zane suka fi yi mini ita ce wannan, ko da kowa da irin kalmominsa: "Malam, ido ya fito, hanci ya fito, baki ma babu laifi, amma fuskar ba ta yi kama da mai ita ba. Ina na kuskure?" Masu zanen itatuwa da gine-gine ma kukansu ke nan. Kowane ganye an zauna an ƙawata shi, kowace taga an fitar da ita tsaf, amma da an rataye hoton a bango sai ya zama tarkace, ido ya rasa inda zai sauka. Na sha ba da amsa a gurguje cewa a riƙa ja da baya ana duba aikin. Gaskiya ce, sai dai ba ta wadatar ba, domin wanda aiki ya ɗauke wa hankali ba ya tuna ja da baya. Shi ya sa na jera matakan nan yadda nake bin su, tun kafin a taɓa fensir har zuwa ajiye shi.

Abu ɗaya nake so ka sani game da idonka kafin mu fara. Wurin da ido yake gani garau ɗan ƙarami ne ƙwarai, kusan digiri 2 kacal na abin da ke gabanka. Miƙe hannunka ka dubi babban yatsanka, faɗinsa shi ne kusan iyakar wurin. Sauran duk dishi-dishi ne, ido ne yake ta tsalle daga nan zuwa can, ƙwaƙwalwa tana harhaɗawa. Idan ka sunkuya har tsakaninka da takarda bai wuce santimita 30 ba, abin da kake gani sosai bai fi santimita 1 ba. Daga mita 3 kuwa wurin ya kai kusan santimita 10, kuma dukan hoton ya shigo cikin kallo ɗaya. Matakan da ke biye dabaru ne na fitar da ido daga lungun da ya maƙale, kuma ƙa'ida ɗaya ce ta ɗaure su: kada wani sashe na hoton ya riga 'yan'uwansa kammala.

Misali ɗaya zan riƙe har ƙarshe: mutum zaune kusa da taga yana karanta littafi, haske na shigowa daga hagu.

Kayan aiki

Fensir mai laushi, 2B don layi da 6B don duhu, ko gawayin zane. Robar goge fensir. Takardun banza da ba za ka ji zafin ɓata su ba. Guntun kwali, salatif, madubi na hannu, wayarka, da allo ko faffaɗan katako da za ka manna takarda ka jingine. Idan da fenti kake aiki, ƙara babban burushi mai faɗin santimita 2 zuwa 3.

Kusan duk waɗannan kana da su a hannu. Idan za ka kashe kuɗi a abu ɗaya, kashe a babban burushi mai kyau wanda ba ya zubar da gashi. Masu koyo sun fi son sayen jerin ƙananan burusa masu tsinin allura, alhali su ne suke jan mutum zuwa ado tun aiki bai zauna ba. Ainihin abin da wannan hanya za ta ci maka lokaci ne, minti 30 zuwa 40 kafin ka fara hoton kansa.

1. Faɗi abin da hoton yake magana a kai da jimla ɗaya

Rubuta ta a bakin takarda ko a jikin salatif ka manna a saman allo. "Hasken taga a kan fuska da shafin littafi." Shi ke nan. Idan jimlarka ta zama "mutum da taga da littafi da labule da kujera", ba ka zaɓa ba tukuna, lissafin kayan ɗaki ka yi. Koma ka tambayi kanka abin da ya fara tsayar da kai har ka ji kana son zana wannan abu. Duk wata shawara da za ka yanke nan gaba, wannan jimlar ce alƙalinta.

2. Gyara wurin aiki

Tayar da allon. Idan takarda tana kwance a kan tebur, samanta ya fi ƙasanta nisa da idonka, sai ka riƙa tsawaita abubuwa ba ka sani ba. Ranar da ka ɗaga ta tsaye za ka ga kai ya yi tsawo, goshi ya tafi sama. Jingine allon yadda idonka zai fuskanci tsakiyarsa kai tsaye. In za ka iya aiki a tsaye, ya fi, domin wanda ya zauna ya nutse a kujera tashi yana yi masa wuya.

Sai ka auna nisan da za ka riƙa komawa. Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen nan na Italiya, ya rubuta cewa mai zana abu daga zahiri ya tsaya nesa da shi kamar ninki uku na girmansa, kuma wannan awo yana aiki ga duba hoton kansa. Takardar A3 tsawonta santimita 42 ne, don haka wajen mita 1 da kwata ya isa. Ƙyallen zane mai tsawon mita 1 yana son mita 3. Manna salatif a ƙasa a daidai wurin, ka kawar da duk abin da zai tare maka hanya tsakaninsa da allon.

Hattara: idan ɗakin ƙarami ne babu wurin ja da baya, kada ka tsallake matakin. Rataye madubi a bangon da ke bayanka. In ka tsaya kusa da allon ka waiwaya, nisan da ke tsakanin allon da madubin ya ninku, ka sami abin da kake nema.

3. Ƙananan zanen gwaji

Nan ne mutane suka fi gudu, nan ne kuma rabin aikin yake.

Ja 'yan akwatuna a takardar banza, kowanne kamar santimita 5 da 7. Wannan awo ya yi daidai da fasalin A4 da A3. Idan babban ƙyallenka wani fasali gare shi, dole akwatin ya bi shi. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce: ɗora ƙaramin a kusurwar babban, gefe da gefe, ka miƙa rula daga wannan kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta. Idan layin ya bi ta kusurwar ƙaramin da ta babban duka, fasalinsu ɗaya ne. Na ga mutane da yawa sun yi gwaji mai kyau a akwati mai murabba'i, sannan suka je kan doguwar takarda suna mamakin yadda tsarin ya wargaje.

Ɗauki 6B wanda bakinsa ya dakushe, kada ka fiƙe shi. Da gangan ne, domin fensir mai kaifi yana kiran gashin ido da maɓallin riga. A cikin kowane akwati ka ba kanka minti 2 ko 3. Mutumin nan mai karatu dunƙule ɗaya ne, taga faffaɗan fari ce, bango duhu ne. Babu ido, babu yatsu.

Yi aƙalla guda 5, kuma kowanne ya bambanta da gaske. A na farko sa mutumin a dama, taga ta cinye hagu. A na biyu matso kusa har kafaɗa ta fita daga hoton. A na uku juya akwatin tsaye. A na huɗu rage taga ta zama ɗan siririn haske a gefe. Na farko kusan kullum shi ne abin da kowa zai yi, mutum a tsakiya cif, fili daidai a kowane gefe. Mai rai yakan fito daga na uku zuwa sama, lokacin da ka gama fitar da abin da hannu ya saba.

Idan abin da kake zanawa yana gabanka kuma ya yi maka yawa, yanke kwali biyu masu siffar L ka haɗa su su zama taga. Rufe ido ɗaya, ka riƙa matsar da su, kana faɗaɗawa kana ƙuntatawa, har ka ga yankin da ya dace da jimlarka.

Wanda ka zaɓa, manna shi a gefen allon inda za ka riƙa ganinsa. Kada ka jefa shi cikin aljihun tebur, taswirarka ce.

4. Raba haske da duhu kashi uku

Ƙanƙance idanunka har gashin ido ya kusa haɗuwa, ka dubi abin da kake zanawa. Ƙananan abubuwa za su ɓace, launi zai dusashe, manyan dunƙulen haske da duhu su rage. Su nake so ka kama. A kan gwajin da ka zaɓa, ko wani sabo da ya ɗan fi shi girma, sa kowane wuri cikin ɗayan uku: farin takarda, toka-toka, ko baƙi. Babu na huɗu.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne haɗe maƙwabta. Gashin mai karatu da duhun bangon da ke bayansa, idan duhunsu ɗaya ne, su zama dunƙule ɗaya, kada ka ja layi tsakaninsu don kawai ka san cewa wannan gashi ne wancan bango. Inuwar da ke gefen fuska ta dama ta gangara ta haɗe da wuya da kafaɗa. Idan ka gama kana da dunƙule 5 zuwa 7 a dukan hoton, ka yi daidai. Idan sun kai 20, ƙara ƙanƙance ido.

Kada kashi ukun su zo daidai da juna. Ɗaya ya rinjaya, ɗaya ya bi, ɗaya ya zama ɗan kaɗan. A misalinmu duhu ne mai yawa, fari kuwa taga ce da kunci da shafin littafi kawai. Kuma inda mafi haske ya haɗu da mafi duhu, nan ido zai fara sauka ko kana so ko ba ka so, don haka tabbata wurin shi ne abin da jimlarka ta ambata.

Hattara: launi daban, nauyin duhu daban. Ja da kore na iya zama nesa da juna a ido amma duhunsu ɗaya, har su narke cikin juna in aka hango su daga nesa. Riga fara da ke cikin inuwa kuma tana iya fin baƙin ƙyalle da rana ta haska duhu. Abin da ido ya gani za ka sa, ba abin da ka sani game da rigar ba.

5. Kashe farin takarda, ka dasa manyan siffofi

Fari yana ruɗar ido. Duk abin da ka ɗora a kansa zai yi kamar ya fi ainihinsa duhu, domin launi yana canja kama gwargwadon maƙwabcinsa. Masanin sinadarai na Faransa Michel-Eugène Chevreul ya yi bayanin wannan tun 1839. Saboda haka shafe dukan fuskar aikin da toka-toka mai sauƙi tun farko. Mai gawayi ya goga shi ko'ina ya murje da ƙyalle, daga baya ya fitar da haske da roba. Mai fentin mai ko akirilik, wato fentin roba mai saurin bushewa, ya shimfiɗa tsinkakken ruwan ƙasa ko ruwan toka.

Hattara: mai fentin ruwa ba zai yi haka ba, domin farin takarda shi ne haskensa, in ya rufe shi ba ya dawowa. Shi sai ya zagaye wuraren haske, ya shimfiɗa launi marar nauyi a sauran wuraren.

Yanzu sa ɗigo huɗu: inda kai ya tsaya a sama, inda jiki ya ƙare a ƙasa, iyakar hagu, iyakar dama. Wannan ne maganin matsalar nan ta farawa da kai a ga ƙafa ba ta sami wuri ba. Haɗa ɗigon da miƙaƙƙun layuka marasa nauyi, kamar 10 ko 12, ka kewaye mutumin kamar an naɗe shi a takarda. Riƙe fensir ta can ƙarshensa, motsin ya fito daga kafaɗa. Riƙon rubutu, yatsu dab da tsini, na ƙananan abubuwa ne, lokacinsa bai yi ba.

Sai awo. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to a wannan mataki kada ka yarda da ƙimarsa sai ka gwada. Miƙe hannu sosai ba tare da lanƙwasa gwiwar hannu ba, rufe ido ɗaya, daidaita tsinin fensir da saman kai, ka sa babban yatsa a daidai haɓa. Wannan tsawon kai shi ne ma'auninka. Kai nawa ne daga haɓa zuwa littafi? Faɗin kafaɗa kai nawa ne? Babban mutum a tsaye yakan kai kusan kai 7 da rabi, idanu kuma suna kusan tsakiyar kai ne, ba can sama ba inda masu koyo suke kai su. Riƙe fensir a tsaye ka ga abin da ke ƙarƙashin kunne kai tsaye, riƙe shi a kwance ka ga abin da ke layi ɗaya da haɓa.

Dubi kuma guraben da ke tsakanin abubuwa, kamar ɗan filin da ke tsakanin hannu da ƙirji da littafi. Ƙwaƙwalwa ba ta da wani tsohon hoto na wannan fili da za ta cusa maka, don haka za ka gan shi yadda yake. In siffarsa ta yi daidai, hannun ma ya yi.

Hattara: idan gwiwar hannu ta lanƙwashe ko ka canja wurin tsayuwa tsakanin awo biyu, awon ya ɓaci. Daga kan salatif ɗin nan za ka riƙa aunawa kullum.

6. Zagaya hoton sau uku

Zagaye na farko, da babban burushi ko gefen gawayi, cika dunƙulen nan masu kashi uku a ko'ina har babu wurin da ya rage ba a taɓa ba, har da kusurwoyi. A ƙarshen wannan zagaye hoton ya yi kama da ƙaramin gwajinka da aka hura. Zagaye na biyu, raba kowane dunƙule gida biyu: a cikin duhu akwai mafi duhu, a cikin haske akwai mafi haske. Zagaye na uku ne za a fara gyara gefuna da juyawar jiki.

Kada ka wuce minti 5 a wuri ɗaya. Idan ka haɗa wani launi, kafin ka wanke burushi nemi duk inda yake a hoton ka sa shi. Ruwan ƙasan da ke inuwar kunci yana nan a gefen littafi da ƙafar kujera. Haka launuka suke zama 'yan gida ɗaya.

Bayan hoton ya tafi tare da mutumin. Wanda ya gama fuska a kan farin fili, sannan ya zo ya zuba duhun bango, zai ga fuskar ta yi fari fat kamar an manna ta, dole ya sake ta.

Hattara da halin fenti: akirilik yana ƙara duhu idan ya bushe, fentin ruwa yana ƙara haske, don haka bari su bushe kafin ka yanke hukunci. A fentin mai, shimfiɗar farko ta zama siririya marar mai da yawa, na sama su fi ta mai. Idan ka juya tsarin, saman zai riga ƙasan bushewa ya tsattsage.

7. Ja da baya bisa ƙa'ida

Kada ka dogara da tunawa. Saita ƙararrawar waya ta buga duk minti 15. Da ta buga, ko kana tsakiyar layi, ajiye ka koma kan salatif. Wata dabarar da ta fi wannan ita ce ka ajiye fenti ko robar gogewa a can wurin salatif ɗin, yadda duk lokacin da kake buƙatarsu sai ka taka. An ruwaito cewa John Singer Sargent, Ba'amurken mai zanen fuskoki da ya rasu a 1925, haka yake aiki: ya ja da baya ya duba, ya tako ya ɗora shafa, ya sake komawa.

A kan salatif, tambaya uku za ka yi. Ina idona ya fara sauka, kuma nan nake so? Har yanzu hoton yana kama da ƙaramin gwajin da ke manne a gefe? Mene ne kuskure mafi girma? A tambaya ta ukun nan, kuskure ɗaya kawai za ka ɗauka, mafi girma. Za ka ga goma, amma sau da yawa in ka gyara karkatar kai, biyar daga cikinsu sun tafi da kansu.

A nesa ake yanke shawara, a kusa ake aiwatarwa. Idan ka isa gaban allon ka ga wani ɗan abu yana kiranka, yi abin da ya kawo ka tukuna, ka koma.

8. Baƙunta wa idonka hoton

Bayan awa ɗaya ido ya saba da aikin, karkatacce ya zama masa daidai. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Maganin shi ne ka sa hoton ya zama kamar na wani.

Juya wa allon baya, ɗaga madubi ka kalle shi ta kan kafaɗa. Leon Battista Alberti, marubuci kuma mai tsara gine-gine ɗan Italiya, ya ba masu zane wannan shawara tun 1435, Leonardo ma ya maimaita ta. Karo na farko yana da zafi, domin za ka ga ido ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ko fuskar duka ta zame gefe guda. Abin yana nan tun ɗazu, yanzu ne ka gan shi.

Kifa hoton, sama ta koma ƙasa. Da ya daina zama mutum mai karatu ya zama dunƙulen haske da duhu, nan za ka gane ko gefe ɗaya ya yi nauyi ko wata kusurwa ta mutu.

Ɗauke shi a waya, mayar da shi baƙi da fari, ka rage shi ya yi kamar girman akwatin ashana, ka ajiye kusa da gwajinka. Ko ka kashe wayar ka kalli hoton a baƙin gilashinta. Masu zanen fili a Ingila a ƙarni na 18 suna yawo da baƙin madubi don irin wannan, domin yana rage ƙyalli ya bar manyan dunƙule.

Hattara: kyamarar waya tana gyara haske da kanta, kuma in ka matsa kusa tana kumbura tsakiyar hoto. Tsaya kamar mita 2, wayar ta fuskanci allon sak. Ka yarda da ita wajen tsari da awo, amma launi idonka ne alƙali.

9. Ado, a ƙarshe kuma a wuri ɗaya

Sai hoton ya tsaya da ƙafarsa daga kan salatif, an gane mutum ne, an gane daga ina haske yake zuwa, sannan za ka fiƙe fensir ko ka ɗauki ƙaramin burushi. Koma ga jimlarka. Kunci, ido, yatsun da ke riƙe da shafi, nan za ka zauna. Gefunan wurin su yi kaifi. Yayin da kake nisa da shi, gefuna su riƙa laushi, wasu su ɓace gaba ɗaya cikin duhu. Labule shafa uku ta ishe shi. Tunda ido kansa wuri ɗaya yake gani garau, hoton da aka yi haka ya fi kama da gani na gaskiya.

Hattara: duk adon da za ka sa a cikin inuwa kada ya kai hasken wurin da rana ta taɓa. Da ka zura ido cikin inuwa sai ya buɗe ya fara ganin haske a ciki, ka bi shi kana ƙarawa, inuwar ta farfashe, garin neman gira a rasa ido. Ɗigon ƙyalli na cikin ido da kan hanci su ne na ƙarshe.

10. Idan ka gano babban kuskure a makare

Wannan ya same ni a irin wannan hoto na mai karatu. Na shafe yamma guda a kan hannun da ke riƙe da littafi, har jijiyar bayan hannu da inuwar farce na fitar, kuma ya yi kyau. Da na ɗaga madubi sai na ga ya fi girman da ya kamata, kusan ya kai faɗin fuskar duka. Na ƙi taɓa shi. Na faɗaɗa littafin, na ƙara kafaɗa, na saukar da gwiwar hannu, an bar jaki ana dukan taiki. Kwana biyu ina wannan, hoton yana ƙara karkacewa. Da na haƙura na goge hannun, cikin minti 20 na mayar da shi a girmansa, kuma na biyun ya fi na farko, domin yanzu na san hannun.

Ga yadda nake yi tun daga lokacin. Rufe sashen da kake zargi da guntun takarda, ka koma kan salatif. Idan sauran hoton ya sami sauƙi da aka rufe shi, shi ne mai laifin. Ɗauki hotonsa a waya don zuciya ta saki, sannan ka goge. Goge fiye da wurin kaɗan, ka mayar da yankin zuwa dunƙulen mataki na 4, ka sake tasowa daga can. Faci a kan faci ba ya zama.

11. Ga masu zane a kwamfuta ko waya

Jawo hoto kusa a allon na'ura shi ne manna hanci a takarda, kuma ya fi haɗari don ba shi da iyaka. Kada ka jawo shi sai ka gama zagaye na biyu. A manhajar Photoshop, danna maɓallan Ctrl da 0 yana mayar da dukan hoton cikin allo, ka kuma bar ƙaramar tagar Navigator a buɗe. A manhajar Krita tagar Overview ce take wannan aiki, maɓallin M kuma yana juya hoton kamar madubi ba tare da ya canja aikin ba. Don duba haske da duhu, buɗe sabuwar leya, wato shimfiɗar da ake ɗorawa a kan hoton, a can sama, cika ta da baƙi, ka sa ta a yanayin Color, ka riƙa kunnawa kana kashewa.

Hattara: ba kowane abu leyarsa ba. In gashi daban, fuska daban, riga daban tun farko, za ka gama kowanne shi kaɗai, gefunansu ba za su taɓa narkewa da juna ba. Leya 2 ko 3 sun isa zagayen farko.

12. Bar shi ya kwana

Juya shi ya kalli bango, kada ka leƙa. Washegari ajiye shi a inda za ka gan shi daga ƙofa, fita, ka shigo. Daƙiƙa 5 na farko su ne mafi tsada, domin a cikinsu kaɗai kake ganinsa yadda baƙo zai gan shi. Rubuta abin da ya fara damunka, kada ya wuce uku, kafin ka ɗauki fensir. Idan za ka nuna wa wani, kada ka tambaye shi ko ya yi kyau. Tambaye shi inda idonsa ya fara zuwa, ka gwada amsarsa da jimlar da ka manna a saman allo.

Gyara abubuwa ukun nan kaɗai, kana komawa kan salatif bayan kowanne. Idan ka yi gyara ka koma can ba ka ga bambanci ba, ajiye kayan aiki, ka sa hannu a kusurwa da launin da bai fi na kewayensa ƙarfi ba. Ƙaramin gwajin kuma manna shi a bayan hoton tare da kwanan wata, domin in ka zo fara na gaba ka ga inda ka bi shi da inda ka kauce.